Ƙwaya da Kishiyarta

Duk abin da ido yake gani da ƙwayoyi aka gina shi. Dutse da ruwa, gero da gishiri, jikin mutum da na raƙumi, duka tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ake ce ma atom. Atom ƙarami ne ƙwarai da gaske. In aka jera atom miliyan 10 na iskar idorojen, ɗaya gefen ɗaya, tsawon layin zai kai kamar milimetir 1 kawai.

Shi ma atom yana da abin ciki. A tsakiyarsa akwai poroton da notoron, dunƙule wuri guda. A kewayensu akwai elektoron. Elektoron ne ɗan autansu, don poroton ya fi shi nauyi sau 1836.

Ku ɗauki pil ɗin tocila ku duba. A kai ɗaya akwai alamar ƙari (+), a ɗaya kan akwai alamar ragi (−). Lantarki iri biyu ne ke nan. Poroton yana ɗauke da lantarkin ƙari, ana rubuta +1. Elektoron yana ɗauke da lantarkin ragi, ana rubuta −1. Notoron ba shi da ko ɗaya, ana rubuta 0. Masu alama iri ɗaya suna ture juna, masu alama daban suna jan juna.

In ɗan lakkol ya goga bik a gashin kansa, bik ɗin zai iya ɗaukar guntayen takarda. Elektoron ne suka bar gashi suka koma jikin bik. Ku lura da kyau: abin da bik ya samu, gashi ne ya rasa shi. In aka haɗa lissafin su biyu, jimillar lantarki tana nan yadda take. Ba a taɓa ganin inda wannan doka ta karye ba. Ku riƙe ta, za a nemi ta a gaba.

Lissafi mai amsa biyu

Wace lamba ce in aka ninka ta da kanta take ba da 9? Kowa zai ce 3. Gaskiya ne. Amma −3 ma amsa ce, don (−3) × (−3) = 9. In garka ce mai kusurwa huɗu daidai, mai faɗin metir kare 9, ana cewa gefenta metir 3 ne, a jefar da ɗaya amsar. Ba wanda ya taɓa ganin garka mai gefe −3.

A shekarar 1928 wani masani ya ci karo da irin wannan amsa, amma shi bai jefar da ita ba. Sunansa Pol Dirak. An haife shi a garin Biristol na ƙasar Ingila a 1902. Ubansa mutumin ƙasar Suwis ne, malamin Faransanci. A wurin cin abinci ba ya yarda yaron ya yi magana sai da Faransanci. Yaron kuwa, don gudun kuskure, sai ya zaɓi ya yi shiru. Haka ya girma, mutum mai ƙarancin magana, mai yawan lissafi.

A lokacin nan masana suna da manyan dokoki biyu sababbi. Ta farko ta Albert Ainshtain ce, ta 1905. Tana cewa ba abin da ya fi haske gudu, wato kilometir 300 000 a cikin sakan 1, kuma nauyi da ƙarfi abu ɗaya ne, ana iya juya wannan ya koma wancan. Ta biyu ita ce dokar kwantom, wadda ta kammala a 1925 da 1926. Tana cewa a duniyar ƙananan ƙwayoyi ƙarfi ɗai-ɗai yake zuwa, kamar ƙwai a kasuwa: ana sayen 1, ko 2, ko 3, ba a sayen ɗaya da rabi.

Dirak ya so ya haɗa dokokin nan biyu a cikin lissafi guda wanda zai bayyana tafiyar elektoron. Ya yi nasara, yana da shekara 25. Lissafin ya dace da abin da ake aunawa. Sai dai yana ba da amsa biyu. Ɗaya elektoron ne da aka sani. Ɗayar kuma wani abu ne mai ƙarfi ƙasa da sifiri. Kuma ba dama a jefar da ita, don in aka cire ta, sauran lissafin ma ya lalace.

Rami da tudu

A bayan gari akwai kududdufi. Da can wurin shimfiɗe yake. Magina suka haƙa ƙasa suka yi tubali, sai aka samu abu biyu a lokaci guda: tudun ƙasa a gefe, da rami a inda aka ɗebo ta. Ba a samun tudun sai da ramin. In aka mai da ƙasar, tudu ya ɓace, rami ma ya ɓace.

Kusan haka Dirak ya yi tunani. Ya ce a ɗauka ko'ina cike yake da elektoron masu ƙarfi ƙasa da sifiri, ba a ganinsu don sun cika kowane gurbi. In aka fizgo ɗaya daga ciki, za a ga elektoron, kuma za a bar rami. A wurin da ya cika da ragi, rashin ragi ɗaya kamar ƙari ɗaya ne. Saboda haka ramin zai yi tafiya kamar ƙwaya mai lantarkin ƙari.

Da farko Dirak ya zaci ramin nan poroton ne, tun da shi kaɗai aka sani mai +1. Wasu masana suka nuna masa ba zai yiwu ba: lissafin ya tilasta nauyin ramin ya zama daidai da na elektoron. A 1931 ya fito fili ya ce lalle akwai wata ƙwaya da ba a taɓa gani ba, mai nauyin elektoron, mai lantarki +1. Ita ce kishiyar elektoron. Da Faransanci irin wannan ƙwaya ana ce mata antiparticule.

Ba ƙaramar magana ba ce mutum ya zauna da alƙalami da takarda ya ce akwai wani abu a duniya wanda ba a gani ba tukuna. Masana da yawa ba su ɗauki zancen da muhimmanci ba.

Sawu a cikin hazo

Maharbi ba sai ya ga barewa ba yake sanin ta wuce. Sawunta a kan rairayi ya isa ya gaya masa girmanta da inda ta dosa. Haka masu binciken ƙwayoyi suke aiki. Suna da wani akwati na gilashi cike da iska mai laima sosai. In ƙwaya mai lantarki ta ratsa akwatin, ɗigon ruwa ƙanana suna taruwa a kan hanyarta, sai a ga farin zare, kamar wanda jirgin sama yake bari a sarari. Sai a ɗauki hotonsa. In aka sa akwatin tsakanin manyan maganaɗisu, hanyar ƙwayar tana lanƙwasa. Mai ragi ta karkata wannan gefe, mai ƙari ta karkata wancan.

A garin Pasadena na ƙasar Amurka, wani saurayi mai suna Karl Anderson yana aiki da irin wannan akwati. Yana nazarin ƙwayoyin da suke faɗowa daga sararin samaniya dare da rana. Ba ƙwayar Dirak ya fita nema ba. Sai ya riƙa ganin wasu sawaye siriri, irin na elektoron, amma sun karkata gefen da bai kamata ba.

Nan akwai matsala. Sawun bai nuna daga ina ƙwayar ta fito ba. Elektoron mai sauka da ƙwaya mai ƙari mai hawa, lanƙwasa ɗaya suke bari a hoto. Anderson ya yi dabara. Ya gitta farantin darma mai kaurin milimetir 6 a tsakiyar akwatin. Duk ƙwayar da ta huda darma gudunta yana raguwa, kuma mai ƙarancin gudu ta fi lanƙwasa. Don haka gefen da sawun ya fi lanƙwasa, can ne ƙwayar ta dosa.

Ran 2 ga watan Agusta 1932 ya samu hoton da ya raba gardama. An ga inda ƙwayar ta fito, an ga inda ta nufa, kuma karkatarta ta nuna mai ƙari ce. Ba poroton ba ne, don da poroton ne da sawunsa ya fi haka kauri, da kuma ya tsaya kusa. An sa ma sabuwar ƙwayar suna pozitoron. Dirak ya samu lambar yabo ta Nobel a 1933, Anderson ya samu tasa a 1936.

Fili ɗaya, ƙwaya biyu

Misalin rami ya taimaka, amma masana sun bar shi daga baya. Sun samu bayani mafi kyau, wanda ya shafi kowace irin ƙwaya.

Ku sa maganaɗisu ƙarƙashin takarda, ku barbaɗa garin ƙarfe a kai. Garin zai jeru layi-layi, har a wuraren da maganaɗisun bai taɓa ba. Akwai wani abu ke nan shimfiɗe a kewaye da shi, wanda ido ba ya gani. Wannan abu ana ce masa fili, da Faransanci champ.

Masana sun gano cewa kowace irin ƙwaya tana da nata fili. Akwai filin haske, akwai filin elektoron, da sauransu. Filayen nan suna ko'ina: a cikin aji, a cikin dutse, har can tsakanin taurari inda babu iska. In fili yana kwance, ba a ganin komi, sai a ce wurin wayam ne. In aka ba shi ƙarfi ya motsa. Bisa dokar kwantom, motsin ɗai-ɗai yake zuwa. Motsi ɗaya na filin elektoron shi ne elektoron ɗaya. Shi ya sa elektoron na cikin bik da elektoron na cikin tauraro ba su da bambanci ko kaɗan. Fili ɗaya ne ya haife su.

To, ina kishiya ta shigo? Mai dama fura tana iya juya ludayi ta dama, tana iya juya shi ta hagu. Fura ɗaya ce, ƙwarya ɗaya ce, juyin ne iri biyu. Filin elektoron ma yana da motsi iri biyu masu saɓa wa juna. Ɗaya shi ne elektoron, ɗaya shi ne pozitoron. Da yake fili ɗaya ne, dole nauyinsu ya zo ɗaya, lantarkinsu ya zo daidai amma da alama daban. Amsar nan ta biyu da ta dami Dirak, ashe ita ce motsi na biyu. Da aka fahimci haka, sai zancen ƙarfi ƙasa da sifiri ya kau. Pozitoron yana da ƙarfi sama da sifiri kamar kowace ƙwaya.

Ga abin da za a iya gwadawa a aji. A cika babban kwano da ruwa, a bari ya kwanta. A tsoma bakin ludayi kaɗan, a ja shi gaba a hankali, a cire. Za a ga ƴan guguwa biyu a kan ruwan, ɗaya tana juyawa dama, ɗaya tana juyawa hagu. Ludayin bai iya yin ɗaya ita kaɗai. Wannan misali ne kawai, don filin elektoron ba ruwa ba ne. Amma yana nuna yadda abu kwance yake haifar da abubuwa biyu masu saɓani.

Yanzu ku tuno da dokar jimillar lantarki. Akwai wani haske mai tsananin ƙarfi wanda ido ba ya gani, ana ce masa gama. Haske ba shi da lantarki, lissafinsa 0. In ƙwayar gama mai isasshen ƙarfi ta wuce kusa da tsakiyar atom, tana iya ɓacewa, ƙarfinta ya shiga filin elektoron. Elektoron shi kaɗai ba zai fito ba, don 0 ba ya zama −1. Sai dai su fito su biyu:

0 = (−1) + (+1)

A 1933, a garin Kambirij na Ingila, Patirik Balaket da Juzepe Okiyalini sun ɗauki hotunan sawayen elektoron da na pozitoron suna tasowa daga wuri guda, wasu sun karkata dama, wasu hagu.

Ana kuma komawa ta hanyar da aka zo. In pozitoron ya gamu da elektoron, su biyun suna ɓacewa. Nauyinsu duka ya koma ƙarfi, galibi ƙwayoyin gama biyu, ɗaya ta yi gabas, ɗaya ta yi yamma. Ba toka, ba hayaƙi. Itace in ya ƙone, ɗan mitsitsin kashi na nauyinsa ne yake zama zafi. Nan kuwa duka ne. Da za a haɗa garam 1 na kishiya da garam 1 na abin da muka saba, ƙarfin da zai fito ya kai na esansi lita miliyan 5. Kada wannan ya sa wani ya yi mafarkin tuƙa mota da shi. Duk kishiyar da mutane suka ƙera a cikin mashin tun farko ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na garam ba, kuma ƙarfin da ake kashewa wajen yin ta ya fi wanda take bayarwa nesa ba kusa ba.

Sauran kishiyoyi

In maganar fili gaskiya ce, to poroton ma yana da kishiya. Samo ta ya ɗauki shekara 23 bayan pozitoron, don ƙwaya mai nauyi tana bukatar ƙarfi mai yawa. A 1955, a garin Berkeli na Amurka, aka kori poroton a cikin wani babban mashin har suka kusa gudun haske, aka buga su a kan jan ƙarfe. Emiliyo Segire da Owen Cembalen da abokan aikinsu suka ga kishiyar poroton, mai −1. A 1956, da mashin ɗin nan, aka ga kishiyar notoron.

Wani zai tambaya: notoron 0 ne, to mene ne bambancinsa da kishiyarsa? Notoron ƙunshi ne na wasu ƙwayoyi uku da ake ce ma kwark. Lantarkinsu +2/3, da −1/3, da −1/3. Jimilla 0. Kishiyarsa kuwa tana da −2/3, da +1/3, da +1/3. Jimilla 0 ce ita ma, amma abin ciki ya bambanta. Ƙwayar haske, wadda ake ce ma foton, ita daban take. Filinta ba shi da motsi biyu masu saɓani, don haka ita ce kishiyar kanta.

Atom na idorojen poroton ɗaya ne da elektoron ɗaya. In aka haɗa kishiyar poroton da pozitoron, an yi kishiyar idorojen ke nan. An fara yin haka a 1995 a cibiyar bincike ta CERN, kusa da garin Jeneba, a kan iyakar Suwis da Faransa. Atom 9 aka samu, suka ɓace kafin ƙiftawar ido. Wahalar ita ce ajiya. A wane kwano za a zuba abin da yake ɓacewa in ya taɓa kwanon? Sai dai a cire iska sarai, a rataye shi a tsakiya da ƙarfin maganaɗisu. A 2011 an riƙe wasu har sakan 1000, wato fiye da minti 16. A 2023 aka sake su a hankali don a ga inda za su nufa. Ƙasa suka faɗo, kamar kowane abu.

Kishiya kusa da mu

Ba a cikin mashin kaɗai ake samun ta ba. A cikin ayaba akwai sinadarin potasiyom, kuma wani ɗan kashi nasa yana rubewa a hankali. Ayaba ɗaya tana fitar da pozitoron kamar ɗaya a cikin awa guda ko biyu. Jikin mutum ma yana yin haka. Ba abin tsoro ba ne, nan take pozitoron ɗin yake gamuwa da elektoron ya ɓace.

Tsawa ma tana yi. A watan Fabrairu 2017, a bakin teku a ƙasar Japan, na'urorin masana sun kama hasken gama irin na gamuwar elektoron da pozitoron jim kaɗan bayan wata walƙiya. Walƙiyar ce ta bugi atom na iskar azot, suka koma masu fitar da pozitoron.

Iraniyom, wanda aka fara haƙa a Arlit a 1971, yana rubewa mataki-mataki har ya zama darma. Rabinsa yana ɗaukar shekara miliyar 4,5. A kan hanya, kowane atom na iraniyom 238 yana sakin ƙwaya 6 na kishiyar wata ƙwaya mara lantarki da ake ce ma notirino. Waɗannan suna ratsa dutse da jikin mutum ba tare da an ji su ba. A 2005 masana a Japan suka ba da labarin kama irinsu masu fitowa daga cikin ƙasa.

A wasu manyan asibitoci lokotoro yana aiki da pozitoron. Ana yi ma mara lafiya allurar wani sukari da aka liƙa ma sinadari mai fitar da pozitoron, wanda rabinsa yake ƙarewa cikin minti 110. Ƙari na ciwon daji ya fi sauran nama shan sukari, sai sukarin ya taru a can. Kowane pozitoron ya gamu da elektoron na jiki, gama biyu suka fita, baya da baya. Wani zobe na na'urori kewaye da mara lafiya ya kama su biyun. Wurin da suka taso yana kan layin da ya haɗa su. Da layuka masu yawa, kwamfuta ta zana hoton inda ciwon yake, ba a tsaga jiki ba.

Ina sauran suka tafi?

In biyu-biyu ake haihuwarsu, ya kamata a samu kishiya daidai da yawan ƙwayoyi. Amma ba haka abin yake ba. Ƙasa ta ƙwayoyi ce. Wata ma haka, don mutane sun taka shi a 1969 sun dawo lafiya. Da akwai taurarin kishiya maƙwabtan namu, da an ga hasken gama mai yawa a kan iyakarsu. An duba, ba a gani ba.

Bisa lissafin masana, shekara miliyar 13,8 da suka wuce sararin samaniya yana da tsananin zafi, cike da ƙwayoyi da kishiyoyinsu. Da ya fara hucewa suka cinye juna suka koma haske. Sai dai ƙwayoyi sun ɗan fi yawa: a kan kowace kishiya miliyar 1, akwai ƙwaya kamar miliyar 1 da ɗaya. Rarar nan ce ta zama taurari da rana da ƙasa.

Akwai ɗan bambanci ke nan a halin su biyun, ko da nauyinsu ɗaya ne. A 1964, a Amurka, Jems Koronin da Bal Fic sun ga alamarsa a wurin rubewar wata ƙwaya mai suna kawon. A 1967 masanin Rasha Andire Sakarof ya jera sharuɗɗa uku da za su sa rara ta samu. Amma bambancin da aka auna zuwa yanzu ya yi kaɗan, bai isa ya bayyana yawan rarar ba. Shi ya sa a CERN ake ci gaba da gwada poroton da kishiyarsa. A awon 2022 an gwada lantarkinsu da nauyinsu har lamba ta 10 bayan waƙafi, ba a ga inda suka rabu ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa Anderson ya gitta farantin darma a cikin akwatinsa?
2. Ƙwayar gama tana iya zama elektoron biyu? Ku yi lissafin lantarkin ku gani.
3. Poroton yana da kwark uku: +2/3, +2/3, −1/3. Ku rubuta na kishiyarsa, ku nemo jimillar kowane.
4. Ku gwada aikin kwano da ludayi, ku zana abin da kuka gani a cikin kayenku.